Gyare Biyu a Kan Benci Ɗaya

"...Mun kwana lafiya lau, mu da muka kwana a gida. Ku da kuka kwana a tsaye kamar dawakai fa, ya kuka tashi?"

"Alhaja, ki bar ni in gama gaisuwar mana."

"Gama. Ai ba ni na danne ka ba."

Morufu yana kwance rub da ciki a gabanta, wai gaisuwa yake, amma tun da ƙirjinsa ya ji sanyin simintin nan bai ƙara motsi ba. Hantsi ya ɗaga, masu motocin danfo sai kiran fasinja suke a bakin titi. Alhaja Mulikatu, wadda duk layin nan na Mushin ba wanda ya sani sai da Iya Elero saboda injin markaɗen da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai, tana zaune kan bencinta na ƙofar gida, carbi a hannu, ta mimmiƙe ƙafafu saboda gwiwa. Ta sa babban yatsan ƙafa ta zungure shi.

"Maigida, gaisuwa ce wannan ko jana'iza? In mutuwa ka yi ka faɗa mini in fara takaba."

"Wace takaba? Ke da kike jira in faɗi ki auri mai gyaran janareta."

"Shi ai yana kwana a gida."

Morufu jikanta ne, ɗan 'yarta da ke aure a Ibadan. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa bakinta ba ya kama sunan, sai dai maigida, shi kuma ya ce mata amarya. Sana'arsa di-je, amma ba irin na biki ba. Nasu kiɗan na'ura ne, ba mawaƙi ba makaɗi, dum-dum-dum har gari ya waye, rawar da suke kira reb. Jiya jidon sifikoki ya je taya su. Yau Asabar kuwa ita ce ranar da ya daɗe yana roƙon Allah, don yau ne karon farko da za a ba shi na'ura ya yi kiɗa a babban taronsu, a wani tsohon sito can tsallaken gada. Allah dai Ya shirya mana zuri'a.

Ita kuwa Iya Elero wani abu ne ya hana ta barci. Tun bayan Sallah ta lura, in ana yi wa yaron magana sai ya karkata kai ya miƙo kunnen hagu. Ta san karkatar nan, don tata ce. Haka tata ta fara, kafin inji ya cinye mata kunne ɗaya ƙurmus. Ta yi masa magana, ya yi dariya. Ta sake, ya ce tsufa ne ke sa ta ganin abin da babu. To jiya da ya fita sai ta lallaɓa ɗakinsa, ta ɗaga matashi, ta ɗauke filashinsa, ɗan abin nan da bai kai ɓarin goro ba wanda kiɗansa kaf yake ciki, ta ƙulle a haɓar zani.

Ya miƙe da ƙyar, leda a hannu, ya zauna gefen hagunta. Ka ga kenan mataccen kunnenta ya fuskanci nasa na dama da ya fara ciwo. Shi ya sa duk hirarsu a benci har mai kantin tsallake take ji.

"Ka yi Asuba?"

"Me?"

"Asuba! Salla!"

"Na yi, a masallacin tasha."

"Da alwala ko da gumi?"

"Amarya, don girman Allah, ƙasusuwana kowanne kuka yake daban."

"Mene ne a ledar?"

"Burodi da wake. Naki ne, amma sai kin gyara hali."

Ya shige ciki yana jan ƙafa. Ita ta ci gaba da jan carbi, tana lissafin lokacin da zai ɗaga matashi. Ba ta kai ƙarshen salati ba ta ji ƙarar faɗuwar katifa. Sai ga shi ya fito, barcin nan duk ya gudu daga idonsa.

"Alhaja, wa ya shiga ɗakina?"

"Matar gida."

"Ina filashina?"

"Wanne? Ɗan abin nan mai kama da haƙorin akuya?"

"Iya, ba wasa nake ba. Na fi wata ina jera kiɗan da ke ciki."

Ta daddaɓa ƙugunta. "Yana nan, ya kwana a wuri mai albarka. Tun da aka ƙera shi bai taɓa zama kusa da mai salla kamar jiya ba."

"Ba ni."

"Zan ba ka a can."

"A ina?"

"A wurin rawar. Tare za mu. Mijina zai yi wasa, in zauna a gida kamar bazawara? Na fito da leshina mai ruwan zuma, na ba da goggoro a ɗaura mini. Ƙawata Alhaja Raliyatu ma ta ce a yi mana anko."

Morufu ya dube ta, ya dubi sama, ya koma ya zube kan benci. Ya san ta. In ta ce za ta, ko a baro sai an kai ta. Sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa, ya tsorata ta da ƙa'idojin wurin har ta fasa da kanta. Bai san abin da take jira kenan ba.

"To ji nan, tunda ke baƙuwa ce. Leshi dai babu."

"Tsirara ake zuwa?"

"Riga mara nauyi. Wurin zafi ne, mutane kamar an zuba wake a tukunya. Goggoronki kuwa, na bayanki ba zai ga komai ba, kuma kafin a yi nisa ya jiƙe ya kwanta miki a ka kamar ganyen ayaba."

"Goggorona bai taɓa kwanciya ba. A bikin uwarka ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, rumfa ta faɗi, goggorona yana tsaye."

"Sai takalmi. Mai tsini ba ya zuwa. Kambas za ki sa."

"Ni? Hajiya guda, da kambas kamar 'yar firamare?"

"Duk wadda ta zo da mai tsini mun san sabuwa ce. Kafin Asuba za ki gan ta zaune a bakin ƙofa, takalmi a hannu, tana tsine wa wanda ya gayyato ta."

"Ni ai ba tsayuwa zan yi ba. A teburin manya za a ajiye ni."

"Babu tebur."

"Me ka ce?"

"Babu tebur! Babu manya! Ɗan gidan mai kuɗi da yaron kanikawa kafaɗa da kafaɗa suke, ba mai tambayar wani ɗan gidan wa."

"To wa zai san ni ce matar mai kiɗa?"

"Ba kowa."

Ta riƙe haɓa. "Wuri ba girma ba arziki. To abinci fa? Amala ce ko shinkafa?"

"A gida ake ci a tafi. Can sai ruwa. Ki yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan, kar ki jira ƙishi ya kama ki."

"Taro ba abinci. Maigida, ka tabbata ba horo ake muku ba? Ko a ofishin 'yan sanda ana ba mutum garin kwaki."

Ya mutsuke ido. Muryarsa ta dishe, amma ya daure.

"Kuma kar ki kuskura ki zo inda nake ki ce za ki yi mini liƙi."

Nan ta ajiye carbi a cinya. "Wannan kuma ƙarya kake. Ni Mulikatu, jinina yana wasa, in kasa manna masa ko da ɗaya a goshi? Me mutane za su ce?"

"Za su ce a fitar da tsohuwar nan. Ba a liƙi. Ba a cewa sa mini waƙa kaza. Ba na kiran sunan kowa, ba na kirari, baki ma ba na buɗewa."

"Ba za ka ce Iya Elero ta iso ba?"

"A'a."

"'Yar Abeokuta, mai inji uwar marayu?"

"Ko tari ba zan yi ba."

"To me kake yi a wurin? Gadi?"

Duk gajiyar nan sai da ya ɗan gyara zama, don an taɓo inda yake so. "Haɗa kiɗa nake. Wannan yana tafiya, in shigo da wancan a hankali ta ƙarƙashinsa, su yi tafiya tare, ƙafa ɗaya, har na farkon ya ɓace ba wanda ya san ya tafi. In rawa ta tsaya ko sau ɗaya, na faɗi. Sannan akwai inda zan janye gangar ƙasa gaba ɗaya, wani siririn sauti ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, kowa ya ɗaga hannu, numfashi ya tsaya. Sai in sako ta, dim! Alhaja, sito sai ya girgiza."

"Ai bel ne ya zame."

"Wane bel?"

"Na inji. In bel ɗina ya zame haka yake yi, wiiii, sai in buga masa ƙafa ya kama, dim! Kullum sai na yi. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini hannu, sai dai a ce Iya yi sauri, miyata. Ashe di-je ce ni ban sani ba, ina nan ina shaƙar attarugu a banza."

"Injinki ai ihu ne. Namu kiɗa ne."

"Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bambancin kawai, nawa in ya gama ana samun abin miya."

Ya yi dariyar da ba ta da ƙarfi, ya jingina kai da bango. Ita ta ci gaba da zungurarsa, don har yanzu bai faɗi abin da take so ba.

"To ina ne wurin? In gaya wa mai Keke."

"Ba a faɗa sai yamma. A waya ake turowa."

"Ɓarayi ne ku?"

"Don kar 'yan kallo su cika wurin ne. Kuma a bakin ƙofa za a manna miki takarda a idon kyamarar waya. Ba a hoto."

"In ɗaura goggoro, in sa kambas, in kwana da yunwa, kuma ba hoto?"

"Mutane sun zo su saki jiki ne. Wani ma'aikacin banki ne, wata malamar asibiti ce, ba mai son ya wayi gari ya ga kansa yana yawo a wayoyi."

"Wannan kam sun yi hankali," ta ce. "Da a zamaninmu akwai wayar nan, da uwarka ba ta auru ba."

"Sannan ba a zuwa a kaɗaice. Wadda kika je da ita, da ita za ki dawo. In ta ɓace miki, ki nemo ta kafin ki nemi ƙofa."

"Raliyatu ba ta ɓacewa. Inda ka ajiye ta nan za ka same ta, baya ya riƙe."

"In wani ya faɗi, a ɗaga shi, a fitar da shi ya sha iska. In namiji ya matso miki ba ki so, ki gaya wa masu tsaro, fitar da shi za a yi."

"In ina so fa?"

"Alhaja!"

"To miji ya ƙi kiran sunana a taro."

"Kuma kar ki karɓi abin sha a hannun wanda ba ki sani ba. Naki ma kar ki ajiye ki juya baya. In wani ya miƙo miki ƙwaya..."

"Ta gwiwa?"

"Ba ta gwiwa ba."

Nan wasa ya ɗan janye daga fuskarta. Ta juyo gaba ɗaya ta zuba masa ido. "Kai kana karɓa?"

"Wallahi ban taɓa ba. Na ga yadda take mayar da mutane. Ni ruwa ne sai cingam."

Ta yarda, don ba yau ta fara sansana rigunansa ba kafin ta jiƙa su. Ta koma ta jingina.

"Shi kenan dokokin? Ai ba su kai na asibitin haihuwa ba. Zan iya. Ni dai a kai ni gaba, gindin babbar sifikar nan, tunda kunne ɗaya ne da ni, in ji da kyau."

"Gindin sifika? So kike ɗayan ma ya tafi? Ba a tsayawa nan! Sababbi ne ke wannan haukan, su rungume sifika, su wayi gari kai na ƙugi. A tsakiya ake tsayawa, a riƙa fita ana hutar da kunne. Kuma a bakin ƙofa akwai kwano cike da abin toshe kunne, kyauta. Duk mai hankali sai ya ɗauka. Kunne in ya tafi ba ya dawowa."

"Me ka ce? Ka san ɓarin nan ba na ji."

"Na ce kunne in ya tafi ba ya dawowa!"

Har mai kanti sai da ta ɗago kai. Iya Elero ta gyaɗa kai a hankali, ta buɗe tafin hannu a gabansa.

"Madalla da malam. To nuna mini naka."

"Nawa me?"

"Abin toshe kunnen. Na masu hankali."

Ya sosa ƙeya. "Ni ai daban ne. Ni ke kiɗan. Dole in ji komai."

"Ina sifikar taka take zama?"

"Akwai wata ƙarama da ake ajiye wa di-je."

"Ta wane gefe?"

Ya kau da kai yana kallon titi.

"Ta dama," ta ce. "Nawa injin ta hagu yake, don da dama nake zuba kaya. Maigida, kai da ni in aka haɗa kawunanmu, mutum ɗaya za a samu mai kunne biyu."

"Kunnena ƙalau. Ina jin tafiyar tururuwa daga nan har Oshodi."

"Shi ya sa shekaranjiya wayarka ta yi ta kuka a aljihun dama, har ni kurma na ji, kai kana cin tuwo."

"Ban ga damar ɗauka ba ne."

"Kana da shi ko ba ka da shi?"

Ya yi tsaki, ya laluba aljihu, ya ciro makullansa. Jikinsu akwai wani ɗan gwangwani kamar na man zafi. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi tun bara, irin mai kyau, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dusashe kiɗa ba. Ta karɓa ta jujjuya. Ledar da aka naɗe shi da ita daga kanti ko ɓantarewa ba ta yi ba.

"Sabo fil. Ajiye shi kake sai ranar aurenka?"

"Iya, ba ki gane ba. In manya suka ga sabon yaro da abu a kunne, cewa za su yi rago ne."

"Manyan naku, in kana musu magana, me suke cewa?"

Sai dariya ta kufce masa. "Suna cewa, me?"

"To."

Ta ajiye gwangwanin a cinya. Can gefen ƙofa injin nata yana nan a lulluɓe da tsohon buhu, kaji sun mayar da ƙarƙashinsa ɗaki. Ta daɗe tana kallonsa.

"Mu ma an gaya mana," ta ce. "Wata tsohuwa a kasuwa ta ce Mulika, ki riƙa cusa auduga da man kaɗanya. Na ce in na toshe ya zan ji mai ciniki? Ina da ƙarfi a lokacin, in na yi dariya har layin masu kifi ake ji. Ban san ana ɗiba ba, kaɗan-kaɗan, kamar ɓera a buhu."

"Na sha jin wannan."

"Akwai wanda ba ka ji ba. Ranar da mai sunanka zai cika, da rana tsaka ne, ina zaune bakin gadonsa. Na zauna ta ɓarin da bai kamata ba. Ya kamo hannuna, ya yi magana, mai ɗan tsawo ma. Ina ganin bakinsa yana motsi. Kunya ta hana ni in ce me ka ce, mutum yana wannan hali. Sai na ce, to Alhaji. Na ce bari in zagayo ta ɗaya gefen ya maimaita. Kafin in zagayo ya yi barci." Ta ja carbi ɗaya. "Har yau ban san me na amsa ba. Ko amana ya ba ni, ko yafiya ya nema, ko ruwa kawai yake so. Allah Ya jiƙansa."

"Amin."

Wani mai acaɓa ya wuce da gudu. Morufu ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Can ya ɗago, ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, don bai iya ganin idonta haka ba.

"Ai da kin tambaye ni. Ni ne fa Morufun. Cewa na yi, Mulika, bayan raina ki daina shiga ɗakin mutane kina ɗaga musu matashi."

Ta ɗauki mafici ta maka masa a kafaɗa, tana dariya tana goge ido da bakin mayafi. "Ɗan banza. Shi ya fi ka kunya, kuma ya fi ka hanci."

"Amma na fi shi gashi."

"Kai ma sanƙon yana hanya."

Gajiya ta dawo ta zauna a kansu su biyu. Da ya sake magana, bai ɗaga murya ba, sai da ta karkato da kai sosai.

"Alhaja, naki yana yin shiru?"

"Wa?"

"Gyaren. Mai kuka a cikin kunne."

Abin da take tsoro kenan. Ba ta nuna ba. "Nawa? Nawa ya girmi uwarka. Ya yi aure a ciki, ya hayayyafa, jikokinsa ma sun fara koyon kuka. In liman yana karatu, su ma suna nasu. Naka fa?"

"Da, kafin Azahar ya tafi. Yanzu sai ya kwana ya wuni. Na jiya ma ya tarar da na makon jiya bai tafi ba."

"Ɗan yaye ne."

"Zai tafi?"

"Ban sani ba, ni ba likita ba ce, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Litinin za mu je a duba. Amma yau ba za ka ƙara masa abinci ba."

"Za mu je? Ke da wa?"

"Ni da goggorona."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama. Kin ci. Zan sa."

"Rantse."

"Wallahi zan sa."

"Ba a aljihu ba."

"A kunne, Alhaja. Duka biyun."

Sai ta kwance haɓar zani, ƙulli bayan ƙulli, ta fito da filashin, yana ƙamshin goro da turare. Ya miƙo hannu, ta buge shi. Ta sa haƙori ta yage ledar gwangwanin, ta cire shi daga makullan, ta tsinko zare daga buhun da ke kan inji, ta zura shi a hancin filashin ta zura a na gwangwanin, ta yi musu irin ƙullin da take yi wa bakin buhun wake, wanda sai wuƙa. Sannan ta rataya masa a wuya.

"Ga shi nan. Na ɗaura musu aure. Duk inda ango ya shiga, amarya na biye. In ka raba su, Allah Yana gani, ni ma mai kanti za ta gaya mini."

"Yanzu haka zan hau gaban mutane, da zaren buhu a wuya kamar ragon layya?"

"Ai ka ce ba a hoto."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya jawo ledar nan ya ajiye mata a cinya. "Karɓi burodinki, tsohuwar ɓarauniya. To anko fa? In gaya wa masu ƙofa su tanadi kujera?"

"Ni? Da gwiwar nan? In kwana a tsaye ba amala ba kirari? Allah Ya kiyaye. Leshina yana ƙasan akwati, ko taɓa shi ban yi ba."

"Raliyatu fa?"

"Tana Ilorin tun watan jiya."

Ya kama kai. Ta ɓare burodin, ta matsa shi da yatsa ta ji laushinsa, sannan ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Tashi ka zagayo nan. Na gaji da ihu. Duk layi sun san sirrinmu."

Ya tashi da ƙyar ya zagayo ta damanta ya zauna. Kunnenta mai ji ya fuskanci nasa mai ji. Ta yi ƙasa da murya, irin yadda ta daɗe ba ta yi da kowa ba.

"Allah Ya sa su ɗaga maka hannu yau."

"Amin, amarya."

"Ka ji kenan?"

"Na ji."

Ba ta kai rabin burodin ba ta ji nauyin kansa a kafaɗarta, gwangwanin da filashin suna lilo a ƙirjinsa. Ido a rufe, baki da ƙyar yake motsi, ya yi wata 'yar magana can ƙasan maƙoshi.

"Mulika, ki tashe ni in yi Azahar."

"To, Alhaji," ta ce.

Wannan karon ta san abin da ta amsa.